Jeren Inna Kulu

Ɗakin mahaifiyata, Inna Kulu, sai mutum ya karkace yake shigarsa. Ba ƙofar ce ta yi ƙanƙanta ba, kwanuka ne. Daga ƙasa har azara langa ce kan langa, samira kan samira, ga fanteka, ga tasoshi, ga kumbuna. Akwai jeren aurenta, akwai wanda ta gada wurin kakarmu, akwai kuma abin da ta yi ta tarawa duk kakar da gyaɗa ta yi kyau. Babu ɗaya da aka taɓa zuba wa ko ruwa. Duk Juma'a sai ta sauko da su ta goge, ta mayar da kowanne mazauninsa. Gadon ma kwanuka sun cinye shi, ita kuwa tana kwana a ƙasa, a wani ɗan lungu da ko ƙafa ba ta iya miƙewa. Mu kuma muna cin tuwo a lotsattsun kwanukan da in ka ajiye su sai sun yi rawa kafin su zauna.

Ni ce Barira, 'yarta. Na dawo gidanmu, a wani ƙauye kusa da Tsanyawa, bayan na fita takabar mijina. Shekarar ita ce wadda ta biyo bayan fari. Rumbuna wayam, an yi shuka da irin da aka samu da ƙyar, ruwa kuma ya dawo da ƙarfi kamar yana huce haushi. Gona kore shar, ciki kuwa babu komai, don kaka da saura.

A irin wannan ruwan ne bangon gabas na ɗakin Inna ya tsage. Yayana Mati ya kira Dallatu magini. Dallatu ya zagaya, ya ƙwanƙwasa, ya zura yatsa cikin tsagar, yatsan ya shige har gindi.

"Bangon nan ya sha ruwa ya ƙoshi," in ji shi. "In marka ta kama, ba zai kai kaka ba. A fitar da kaya, a fitar da Inna."

Inna tana zaune a bakin ƙofa tana jan carbi. Ta ce, "Ɗakin da ubansu ya gina? Dallatu, tun kana yawo ba wando ɗakin nan yake tsaye."

"Shi ya sa ya gaji, Inna."

Ba ta ko kalle shi ba.

Mati mutumin kirki ne, amma dabararsa ba ta wuce bakin zaure. Ranar kasuwar Tsanyawa sai ga shi da wata dillaliya, wai ta zo ganin kaya. A wajenmu mace ta sayar da jerenta daidai yake da ta hau katanga ta yi shelar gida ya ƙare. Inna ta tarbi matar da fara'a, ta ba ta ruwa, ta tambayi mutanen gida, ta rako ta har zaure, sannan ta yi mako ba ta amsa gaisuwar Mati ba. Da ya kawo shawarar a zuba kwanukan cikin rumbu tunda babu komai a ciki, sai ta ce, "Madalla. Sai ka kira gari su zo su ga rumbun ubanka ya zama kabad." Ni na ce a kwashe su zuwa ɗakina, ta ce ɗakina ko akuya ba za ta juya a ciki ba, kuma gaskiyarta. Na ce to ta bar su, ita ta dawo wajena. Ta ce wa zai tsare mata su?

Na ji haushi, ba zan ɓoye ba. Tsohuwa za ta ba da ranta saboda gwangwani mai fenti! Amma a ƙarƙashin haushin tsoro ne. Ban daɗe da rabuwa da miji ba. Duk sanda hadari ya haɗo daga gabas, ni ba sama nake kallo ba, bangon nan nake kallo.

Girkin gidan a hannuna yake. Nama kuwa mun manta kamanninsa, madara ma babu, don Fulanin da ke kawo nono sun yi kudu da abin da ya rage na shanunsu. Abin da muke da shi shi ne ɗan abin da ya faɗo mini na tumunin takaba: wake, gyaɗa da tsakin masara. Na soya gyaɗar na matse mai, na yi ƙuli-ƙuli. Zogalen bayan gida bai san an yi fari ba. Tafasa da rama da yakuwa kuwa Allah ya baza su a bakin kowace gona. To da waɗannan nake juya tukunya. Yau kwaɗon rama da ƙuli-ƙuli da albasa, gobe ɗan wake da ɗigon man gyaɗa da yaji, jibi fate mai yakuwa. In na yi dambu, ganye ne da yawa, tsaki sai ka nema. Ba yabon kai ba, wanda ya ci bai taɓa tambayar ina nama ba.

Bayan katangarmu akwai Rahmatu. Ƙawar marigayiya ƙanwata Bilki ce. Rahmatu tana da tsohon ciki, mijinta Sama'ilu ya tafi Kano neman aiki tun bazara, shiru. Mace ce mai kunya, ko za ta mutu ba za ta ce babu ba. Amma hayaƙi ba ya ƙarya. Na lura madafinta ya kwana bai yi hayaƙi ba, ya sake kwana.

Ran nan na sauke dambu, na ɗibi wani a lotsattsen kwanonmu, na rufe da faifai, na nufi katanga.

"Ina zuwa?" in ji Inna.

"Rahmatu zan miƙa wa."

"A wannan?" Ta nuna kwanon da haɓa. "Bara ta zo yi? 'Yar mutane, ki miƙa mata abinci a abin da kaji ke shan ruwa, ta ji a ranta sadaka ce?"

Ta tashi ta karkace ta shiga ɗaki. Na ji ƙarar ƙarfe. Sai ga ta da wata langa fara mai jan fure, sabuwa fil, da murfinta. Ni da aka haifa a gidan ban taɓa ganin langar nan a hasken rana ba.

"Juye a nan. Ki ce Inna ce ta ce ta ɗanɗana ta ji ko gishiri ya ji."

Haka na yi. Rahmatu ta karɓa, ta ce a gaishe da Inna.

To a garinmu ba a mayar da kwano wayam. In an aiko maka da abinci, ka wanke kwanon, ka sa wani abu a ciki, ko ƙullin daddawa ne, ko ɗan barkono. Mayar da shi haka nan rashin ta ido ne. Rahmatu kuwa ba ta da ko ƙwayar barkono. Kwano ya zauna a wajenta. Inna ba za ta aika a karɓo ba, don wannan ya fi kowanne muni.

Ranar Juma'a ina taya Inna goge-goge sai idona ya faɗa kan gurbin langar. Ɗan wuri ne, bai fi tafin hannu biyu ba, amma ta nan na ga bango. Na tsaya da tsumma a hannu ina kallonsa. Zuciyata ta ce mini, Barira, ga ƙofa.

Daga ranar na zama mai kawo wa Inna labarin gari. Kullum na dawo daga tsinko ganye sai in zauna in fara. Tsohuwar gidan Dabo jiya ruwan zafi ta sha ta kwanta. Matar Kamilu tana dafa dusa. A gidan Malam Muntaka manya sun bar wa yara abin da ya samu. Ban taɓa ƙara ko kalma ba, shekarar ba ta bar wa mutum wurin yin ƙarya ba. Inna ta yi salati, can sai ta ce, "Ƙara ruwa a tukunyar nan." Ni kuma in sauke sai in ɗauko lotsattsen kwano in riƙe shi inda za ta gani. Ba ta taɓa bari na kai ƙofa da shi ba.

Kwano ya fita, bai dawo ba. Samira ta fita, ba ta dawo ba. Tasoshi suka bi. Matan gari suka fara kauce mini a hanyar rijiya. Wadda na ritsa sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Barira, kwanonku fa yana nan, wallahi ina sane." In ce, "Yana cizo ne? Bar shi ya huta, mu ma mun huta."

Abin da ban zata ba shi ne Inna ta dawo madafi. Da farko daga nesa take gyara mini. Kanwa ta yi yawa a ɗan waken nan. Ba haka ake murza ƙuli-ƙuli ba. Wa ya koya miki sa yakuwa tun ruwa bai tafasa ba? Kamar ba ita ta koya mini ba. Daga baya ta karɓe muciyar gaba ɗaya. Ita ta tuna mini da miyar lalo, ita ta nuna mini yadda kakarmu take jiƙa ƙanzo ta kwaɗa shi da zogale a wata yunwar da aka yi kafin a haife ni. Tana girki tana zaɓen kwano: wance mai son kore ce, a ba ta koren, wance tana da yara da yawa, a ɗauko babba. Rabon da in ji dariyarta haka tun Bilki tana da rai.

Mu ma fa mun ji a jikinmu. Buhu yana ta yin ƙasa, zanena sai na ƙara masa ɗauri. Mati ya tare ni a zaure ransa a ɓace.

"Ke wace irin mace ce? Ana yunwa kina raba abin da za a ci?"

Na kama hannun rigarsa na ja shi har ƙofar ɗakin Inna. Gadon ya fito fili. Bangon yamma babu komai, na kudu saura kaɗan.

"Yaya, zaɓi ɗaya," na ce masa ƙasa-ƙasa. "Wake ko Inna?"

Ya daɗe yana kallo. Washegari ya kawo mini ɗan garin rogon da ya samo, ya ajiye a madafi.

Marka ta kama. Ruwa ba dare ba rana, ba mai ƙarfi ba, irin mai nacin nan da ke jiƙa ƙasa har ƙashi. Tsagar bangon gabas ta buɗe har kana hango hasken waje. Kuma a jikin wannan bangon ne jere na ƙarshe yake, wanda ban taɓa ambata ba, Inna ma ba ta taɓa kai hannu wajensa ba.

Jeren Bilki ne. Autarmu ce. Inna ta yi shekaru tana tara mata kayan ɗaki, an sa rana, saura 'yan watanni sanƙarau ya ɗauke ta. Tun daga nan kayan suke tsaye yadda aka jera su. Shimfiɗar Inna a gindinsu take.

Wata safiya na yi ƙarfin hali. Na ce tasoshi sun ƙare, ga abincin gidan Dabo yana hucewa. Na miƙa hannu wajen wata 'yar samira shuɗiya.

"Ba waɗannan ba."

Ba tsawa ta yi ba. Da tsawa ce da na iya. Na janye hannuna, na fita, na tsaya a madafi ina kuka, na ɗora wa hayaƙi laifi. Dabarata ta ƙare. Na kwashe ɗaki kusan kaf, amma abin da ya ɗaure ta a wurin ko motsi bai yi ba. Duk gari na ciyar, uwata tana nan a gindin bangon da zai faɗo.

Cikin wannan markar Rahmatu ta sauka, ta sami 'ya mace. Sama'ilu bai dawo ba. Ranar suna babu rago, babu goron kirki, Malam Muntaka ne ya tsaya a madadin uba, maza kaɗan suka taru a zaure da sassafe aka yi addu'a. Ina shara na ji sunan ta kan katanga. Na ajiye tsintsiya na je ƙofar Inna.

"An raɗa suna."

"Wa aka samu?"

"Bilkisu."

Carbin ya tsaya a hannunta. Har na fara da-na-sanin faɗa mata. Can ta ce, "Da yamma mata za su taru. Me za a ba su?"

"Babu komai, Inna. Rahmatu ta ce kowa ya yi haƙuri."

"Me ya rage a buhu?"

"Tsaki kaɗan. Sai wake, da garin da Yaya ya kawo."

"Ɗora madambaci. Ki tsinko zogalen nan kaf." Ta dafa ƙasa ta miƙe. "Ba za a ce an yi sunan Bilki an tashi da yunwa ba."

Mun yi girki ran nan kamar ba gobe. Dambu ya tashi kore shar, na zuba masa sauran man gyaɗar duka, na barbaɗe shi da ƙuli-ƙuli. Muka yi alala a ganye, muka kwaɗa rama. Da aka gama na tsaya ina kallon tukwane, don abincin suna gida-gida ake kai shi, mu kuwa ba mu da abin zubawa. Na zauna a gindin murhu. Wallahi wannan karon ba dabara ba ce.

Inna ta shiga ɗaki. Ba ta kira ni ba, ni ma ban bi ta ba. Ta riƙa fitowa da su ɗaya bayan ɗaya, tana goge kowanne da gefen mayafinta kafin ta ajiye a gabana. Shuɗiyar samirar ce ta fara fitowa. Na ƙarshe wata babbar fanteka ce, ta ce wannan ba ta abinci ba ce, a kai wa Rahmatu ta riƙa yi wa yarinya wanka.

Da yamma ita da kanta ta shiga gidan sunan, ta karɓi jaririyar ta riƙe, ta daɗe tana kallonta. Mata suna ci suna santi, wata tana cewa rabonta da dambu irin wannan tun tana budurwa.

Da muka dawo ta tsaya a tsakiyar ɗakinta. Babu komai sai gado da shimfiɗa da buta. Ta yi gyaran murya, muryar ta dawo mata.

"Ashe ɗakin nan da faɗi," in ji ta.

"Inna, ki kwana wajena."

Na shirya jin abin da na saba ji. Sai ta duba hagu, ta duba dama, ta ce, "To me zan tsare a nan?" Ta naɗe tabarmarta, ta ce in ɗauko butar.

Bangon bai cika mako ba. Bayan azahar ne, ana yayyafi, muna zaune a ƙofar ɗakina muna tsintar wake. Muka ji wani nishi kamar na saniya, sai rugum! Bangon gabas ya kwanta ciki, azara ta biyo shi, daidai lungun da take kwana. Na saki faifan, wake ya watse. Na rungume ta ina kuka ina dariya, ina jin wani nauyi da na yi wata da watanni ina ɗauke da shi ya sauka. Mati ya shigo a guje ba takalmi, ya gan ta zaune, ya durƙushe a cikin taɓo yana hamdala.

Inna ta ture ni. "Sake ni, za ki karya ni. Tsince waken nan." Ta kalli tarin ƙasar, ta ce, "A gaya wa Dallatu. Amma kada ya zo yana cika mini baki."

Allah ya kawo kaka, kuma ta yi kyau. Sama'ilu ya dawo a rame da 'yar jakarsa, ya ga 'yarsa. Da ruwa ya ɗauke Dallatu ya tayar da ɗakin, ya cika bakinsa son ransa, aka yi yaɓe, Inna ta koma. Na share ɗakin cikin ɗan lokaci, abin da a da yake cin yini.

Ina cikin wannan jin daɗin wata hantsi na ji sallama. Rahmatu ce, goye da Bilki ƙarama, riƙe da farar langa mai jan fure, cike da sabon gero. Gabana ya faɗi. Ni da na ƙulla abin, na manta cewa yunwa tana ƙarewa.

Kafin la'asar tsakar gidanmu ta zama kasuwa. Matar Kamilu da tasa cike da ɗanyar gyaɗa. Tsohuwar gidan Dabo da samira da kuɓewa. Daga gidan Malam Muntaka kwanuka jere da wake da barkono, da kabewa a kan murfi. Kowace tana ba da haƙurin daɗewa. Na tsaya a tsakiyarsu kamar an dasa ni. Ga su nan duka, sun dawo, suna ƙyalli, suna kallon sabon ɗaki.

Da mata suka watse Inna ta leƙo daga ƙofarta. Ta kalli kwanukan, ta kalle ni, ta yi dariya har da tari.

"Dubi fuskarta! Ke kin ɗauka ban san abin da kike yi ba? Kullum ki tsaya mini da lotsattsen kwano kamar mai talla. Ni na haife ki fa."

"To yanzu ina za mu jera su, Inna?"

"Jera wa? Juye kayan a buhu. Gobe ki dafa kabewar nan da gyaɗa, ki tuƙa tuwon sabon gero, a zuba a kai musu. In sun dawo da su, a sake zubawa." Ta nuna ni da carbi. "Kwano dai kada ya kwana mini a ɗaki."

Haka aka yi, kuma haka ake yi. Yau in ka shiga gidajen garinmu za ka ga langa mai jan fure a nan, shuɗiyar samira a can, duk sun lotse, fentin ya ɓare, yaran yanzu ba su ma san daga inda suka fito ba.

Ran nan da na gama juye kayan na kai mata ruwan alwala. Na same ta zaune a kan gadonta, ƙofa a buɗe, iska tana shiga. Ta jingina da sabon bangon, ta miƙe ƙafafunta har ƙarshe, babu abin da suka taɓa.